Ranar da Inna ta kira sunana

Tun da mantuwa ta kama Inna, asibiti suka kafa mata allon tunani a bangon ɗaki. Baƙin gilashi ne, duk abin da ta sani yana gudana a kansa da farin rubutu. Sun ja mana kunne kada a taɓa girman tagar rubutun, don abin da ya ɓace a allon ya ɓace mata ke nan.

Yau da hantsi likita ya kira mu ta kan allon. Ban yi tunani ba, na sa yatsu na matse rubutun gefe don in ga fuskarsa. Da na ja tagar ta koma yadda take, ƙasanta wayam. Wurin da 'ya'yanta suke a rubuce ya goge.

Nan take na kira Sallau mai gyara.

"Kwantar da hankalinki, Hajiya," in ji shi. "Abin da ya yanke ba ya dawowa, amma allon yana ɗinke shi daga duk inda Inna ta taɓa ambaton sunan mutum."

Ya duba. Sunayen ƙannena, Tanimu da Gambo, ga su nan ko'ina. Nawa babu.

"Ni ce 'yar fari," na ce. Saboda kunya, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan".

Sallau ya sunkuyar da kai.

Inna ta gyara mayafi, ta yi mini fara'ar da take yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa. Ya sunanki?"

"Ladidi."

"Ladidi," ta maimaita, tana kallon tsakiyar idona, ko ɗar ba ta ji ba.