Wa Ya Kai Sunan Ruwaida?

"An ɗauke ni! Inna, an ɗauke ni!"

Ruwaida ta yar da sandarta tana tsalle a tsakar gida har ta yi karo da turmi. Wata ƙungiya mai tallafa wa naƙasassun marubuta ce ta kira. Za a ba ta jarin rubuta fim, a haɗa ta da gwanin da zai horar da ita. Ita da ba ta gani, labaranta duk da murya take ɗaukarsu a waya.

Rariyar Inna ko tsayawa ba ta yi ba. "To, madalla."

Ruwaida ba ta damu ba. Ɗiyar fari ce. Saboda kunya, Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, sai "ke" ko "wagga".

Daga Kebbe har Tambuwal dariya take a mota, tana ba fasinjoji labarin fim ɗin da ba a ma rubuta ba.

A ofishin ƙungiyar ta kasa haƙuri. "Don Allah Hajiya, wa ya kawo sunana? Ni ban nema ba."

"Saƙon murya aka turo muna," in ji jami'ar, tana miƙa mata waya. "Saurara."

Muryar Inna ce, awakin gidansu na kuka a baya.

"Ina da ɗiya, ba ta gani, amma duk ƙasar Kebbe babu mai labari irin nata. Sunanta... Sunanta Ruwaida."

Ruwaida ta ƙanƙame wayar.

"Hajiya, maida shi baya. Wurin sunan kawai."