Shekarar da Jariran Kafar Jummaiz Suka Rame

Allurar ma'aunin ta tsaya inda ba ta taɓa tsayawa ba. Likita Mamduh ya bubbuga shi da yatsa, ya sauke jaririn, ya sake ɗora shi. Ko gezau. Ya aika kasuwa aka aro ma'aunin mai tumatir, shi ma ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Kafin la'asar an auna jariran Kafar Jummaiz kaf, babu ɗaya da ya kai nauyin da ake so.

Kafar Jummaiz fa! Ƙauyen da ma'aikatar lafiya ta lardin take tinƙaho da shi. Shekara goma sha wani abu ke nan, duk bayan girbin alkama, Mamduh yakan zo ya kafa ma'auninsa a ɗakin baƙi na umda, wato mai garin. Mata su taru a bayan ɗakin, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da jariri naɗe cikin bargo, an rufe masa rabin fuska. Wannan bai taɓa damun Mamduh ba. Shi lamba ya zo nema, fuska kuwa ta uwar ce.

Lambar kuma tana zuwa, tubarkalla. Jarirai ɓul-ɓul, har nauyinsu kusan ɗaya, abin da Mamduh ya raɗa wa suna "adalcin abinci" a taron likitoci na Alƙahira, aka yi ta tafi. Ya kuma gano cewa jariran ƙauyen sun fi rigima da yamma, na ƙarshen layi ma har yakan nemi tsaga ɗakin da kuka. Wannan ma ya yi dogon rubutu a kansa, aka buga.

A kan waɗannan alƙaluma aka janye madarar tallafi daga ƙauyen tun tuni, aka kai wa masu buƙata. A kansu kuma aka yi wa Mamduh alkawarin kujerar darakta a Alƙahira. Matarsa har ta ɗaure kaya, ta yi sallama da maƙwabta, ta gaya wa wasunsu abin da ta daɗe tana riƙewa a ciki.

To ga abin da bana ta zo da shi: yara ƙashi da fata, wuya siriri kamar na 'yan tsaki. Kwamitin da zai tabbatar masa da kujerar kuwa yana tafe ranar Alhamis. Mamduh ya san halin mutanensa sarai. In bai samo musu dalili ba, shi za su mayar dalilin.

Sai ya bazama. Ya ɗebi ruwan famfo da na magudanar gona ya aika gwaji. Ya shinshina garin alkama a gidan burodi har ya yi ta atishawa. Ya zargi maganin feshin auduga, ya zargi sabuwar eriyar waya da aka kafa bayan masallaci. Ya tare mata a bakin hanya yana tambayarsu me ya canza a abincinsu, su ja mayafi su ce, "Babu komai, Likita, wake ne da burodi, kamar kullum." Da ya juya baya sai ya ji suna ƙyalƙyala dariya.

Sakamakon gwaji ya dawo, komai yana nan yadda yake bara da bara waccan. Tsoro na gaske ya kama Mamduh. Ya daina cin abinci, har shi ma ya fara ramewa.

Ranar Laraba ya faɗa gidan Umda Hilali ba ko cikakkiyar sallama. Dattijon yana kishingiɗe, ya miƙa masa baƙin shayi.

"Umda, ka faɗa mini gaskiya tsakaninka da Allah. Annoba ce ta shigo kuka ɓoye?"

"Annoba? Allah ya tsare! Yaranmu suna nan yadda ka san su."

"Yadda na san su? Wanda na fara aunawa ran nan, kazar gidanka ta fi shi nauyi!"

"Kazata ai ita kaɗai take cin rabonta," in ji umda. Sai kuma ya sunkuyar da kai, ya shiga murza gefen rawaninsa. Kunya ce ƙarara a fuskarsa. "Wallahi, Likita, mun san mun kunyata ka bana, kai da ka ɗaga sunan garin nan. Ba yadda ba mu yi ba. Ni da kaina na taka har gidan Ummu Sabri, matar mai gyaran famfo, 'yar Iskandariyyar nan. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah. Ta ce goma sha ɗaya sun ishe ta, bayanta ya gaji, in gari na so gari ya haifa."

"Ni ina ruwana da matar mai famfo?"

Umda ya ɗago ya dube shi, yana jiran ya ga murmushi. Bai gani ba.

"Haba, Likita, kai ma da zolaya. Wace uwa ce za ta ɗora ɗan cikinta a ma'auni, a faɗi nauyinsa da ƙarfi mata suna ji, baki ya kama shi? Bana ma dole ce ta sa kowacce ta kawo nata, tunda babu na aro. Ummu Sabri kaɗai ce ba ta tsoron kambun baka a garin nan. Duk shekarun nan ai jaririnta ake zagayowa da shi kana aunawa, ga shi yanzu ta daina haihuwa."