Sunan 'Yar Fari

A gidan kula da tsofaffi, yanzu na'ura ce ke tantance wanda hankalinsa ya kai ya ƙi magani.

"Ba na son ƙwayar nan, kashe min jiki take," in ji Inna Dije.

Na'urar ta haska fuskar Talatu, wadda ta zo duba Inna. "Faɗi sunan wannan."

Inna ta sunkuyar da kai.

"Ni ce 'yar farinta," Talatu ta ce wa ma'aikaciyar gidan. "Kunya ce, ba ta taɓa kama sunana ba."

"Na sani, Hajiya. Amma na'ura ta yanke ba ta gane ki ba. Ba ni da ta cewa."

Aka ba ta ƙwayar.

Da Talatu ta dawo ranar Juma'a, Inna ta dube ta da idanu a lumshe, ta ce, "Talatu."

Na'urar ta ce an samu sauƙi.