Shuɗiyar Wayar Malam Sallau

Tun da kamfanonin waya suka rufe wa juna ƙofofinsu, koriyar waya ta daina kiran shuɗiya. Unguwar kaf ta koma koriya, ban da Malam Sallau. Muryar marigayiya matarsa Tabawa tana cikin shuɗiyarsa, kamfanin kuwa ba ya bari a fitar da ita.

Ranar Juma'a ya tafi gaida amininsa Ilu tela. Ya tarar ana naɗe tabarmi a ƙofar gidan, an gama sadakar ukun Ilu.

"Baba, ai mun sanar a waya," in ji Hamisu, ɗan mamacin. "Kowa ya gani."

Sai idonsa ya sauka kan aljihun tsohon, inda shuɗiyar wayar ke leƙowa. Ya sunkuyar da kai.

"Da kun aiko, Hamisu. Gida nawa ne tsakaninmu?"

"Wallahi ba wanda ya tuna ana aike, Baba."

Malam Sallau ya yi addu'a shi kaɗai, ya koma gida. Ya zauna bakin gado, ya danna wayar, ya kunna wani tsohon saƙon murya.

"Malam," in ji muryar Tabawa, "in ka biya wajen Ilu, ka ce ina gaishe shi."