Sikutar da Ta Ƙi Goyo

Injiniya ne ya zana sikutar hayar nan mai lantarki, wadda ake buɗewa da waya a hau a tsaye. Abu ɗaya ke ci masa rai: don mutum ɗaya ya yi ta, jama'a kuwa bibbiyu suke hawa. Miji da mata, ɗalibi da abokinsa, uwa da ɗanta. An manna gargaɗi a jikinta, amma ko kallo bai ishe su ba.

Ƙanwarsa Auta ma a kanta take kai ƴarta makaranta, don motar haya ba ta shiga layinsu. Yarinyar, da ake kira Aku saboda surutu, takan tsaya a gaba ta rungume sandar sikutar.

Wata rana suka zo gidansa, suka tarar da shi ya duƙufa a kan zane.

"Yaya," in ji Auta, "tunda goyon nan ba fasawa za a yi ba, ku ƙara wa wurin taka ƙafar faɗi mana. Ku sa ɗan mariƙi a ƙasa, daidai tsayin yaro."

"Wato in shimfiɗa muku tabarma ku ci gaba da karya doka ko? Ke dai tun kina ƙarama kunnen ƙashi gare ki."

Aku ta ja rigarsa. "Kawu, ni kujera za ka sa min, mai fure."

Ya ɗaga ta sama yana dariya, maganar ta bi iska.

Dabarar da ya ɓullo da ita daban ce. Ya sa ma'auni a ƙarƙashin wurin taka ƙafa, da ya ji nauyin mutum biyu sai ya ɗauke wuta nan take. Suka gwada a harabar kamfani, ƙasa sumul kamar faranti, suna ɗora buhunan yashi. Gwaji ya yi kyau, Manaja har da tafi. Ba wanda ya ce a fita da ita titi, inda akwai ramuka da motoci a baya. Haka dama suka saba aiki, da buhun yashi, don shi ba ya musu.

Ko gaya wa Auta bai yi ba. A zatonsa za ta ga sikuta ta ƙi tashi, ta haƙura.

Sai dai Aku ba nauyi gare ta ba, ma'aunin bai ji ta ba da suka hau. Suka tafi lafiya har babbar mahaɗa. Nan taya ta faɗa rami, nauyinsu ya doki ma'aunin, wuta ta ɗauke. Suka tsaya cak a tsakiyar titi, ga motar kaya a bayansu.

Auta ta karye a hannu. Aku ba ta kai asibiti da rai ba.

A zaman makoki Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi da kumburarrun idanu ta ce, "Yaya, wallahi ba gudu nake ba. Haka kawai wutar ta ɗauke. Kai ka san abin nan, me ya ɗauke ta?"

Baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya tashi ya fita.

Da ya koma aiki, ya kai wa Manaja sabon zane: wurin taka ƙafa mai faɗi, mariƙin yaro, da ma'aunin da zai rage gudu sannu a hankali maimakon ɗauke wuta.

"Allah Ya ba ku haƙuri," in ji Manaja. "Amma fa mun rubuta mutum ɗaya. In muka sa mariƙin yaro, mun yarda da goyo ke nan, laifi ya dawo kanmu. A dai ƙara wa rubutun girma."

Maganar da Injiniya ya gaya wa Auta ce aka maido masa.

Yana fitowa bakin ƙofa, wani mutum ya wuce a kan sikuta, ɗansa a gaba da jakar makaranta, sun nufi mahaɗar nan. Ya ɗaga hannu ya ƙwala masa kira, ƙarar motoci ta haɗiye muryarsa.

Jama'a, sikutar mutum ɗaya ba ta goyo ba ce, kada mu ɗora mata ƴaƴanmu. Ku kuma masu ƙera abin hawa, ku fito titi ku ga yadda ake hawansa kafin ku zana, don rubutun gargaɗi ba ya riƙe yaro.