Wanda Ya Kawo Jinin

"Ki taimaka, 'yata, na gaggawa ne," in ji dattijon, ya miƙo kwalbar jini ta tagar ɗakin gwaji. Hannunsa sanyi ƙalau, duk da ranar Maiduguri.

Munira mai gwaji ta tsallake na kowa ta duba nasa. Jinin ya yi ƙasa sosai. Ta leƙa, babu dattijo, sai ta ruga sashen gaggawa da sakamakon.

"Wa ya kawo miki?" nas ta tambaye ta. "A sume aka tsinto majinyacin a Gamboru. Tun ɗazu muke neman ɗan'uwansa da zai kai kwalbar."

Munira ta dubi gadon. Dattijon ne, yana numfashi da ƙyar, hannunsa a miƙe kamar yadda ya miƙo mata.