Jarkokin Ummu Marwan

Matakalar unguwar Nakkasa da ke Makka ba ta san an gaji ba. Issoufou yana hawa yana haki, jakar makarantar Zali a kafaɗarsa, ita kuma 'yar tasa tana gaba tana tsalle kamar ba a kanta za a yi zaman yau ba.

Tun da ya rabu da Sa'adiya haka suke yi: mako ɗaya yarinya wurin uwa, mako ɗaya wurin uba, kowane wata shi ya kawo kuɗin ciyarwa. Ba alƙali ya tsara ba. Wanda iƙamarsa, takardar zama a ƙasa, ta mutu ba ya kai kansa kotu. Malam Tsoho ne ya tsara, dattijon unguwa da ke raba rigimar Hausawa yana gyangyaɗi.

Sai kamfanin ginin da Issoufou ke wa aiki ya daina biyan albashi, daga baya ya daina buɗe ƙofa. Mukhtaru, yayan Sa'adiya, ya samu abin da yake nema. Ya ce uban da ba shi da abin yi ba shi da mako, ita kuma ƙanwarsa girkin alhazai a Jarwal ya cinye ta, don haka a tura Zali Damagaram wurin kakarta, kowa ya huta.

Abin da Mukhtaru bai yarda da shi ba shi ne Ummu Marwan. Wata tsohuwar Balarabiya ce da ta kira Issoufou a waya bayan aikinsa ya tafi. Ya riƙa ɗebo mata Zamzam daga famfunan Kudai, ya ajiye jarkokin wurin mai gadin wani bene a Utaibiyya, ya karɓi ladansa a hannun mai gadin. Bai taɓa ganin ta ba. Muryarta kawai ya sani, mai rawa, mai tari, ba ta gama magana sai ta yi masa faɗa.

A ɗakin Sa'adiya aka zauna, ita tana bayan labule. Hannunta kawai ya gani da ta miƙo ruwa: ya rame, awarwaron da ya sani babu.

"A nan gidan Umma ko shayi da Zamzam muke yi," in ji Zali, tana tura masa kofi. Ba wanda ya kula ta.

"To, Issoufou," Malam Tsoho ya yi hamma, "nawa kake samu?"

Ya faɗa. Mukhtaru ya yi dariya ta hanci.

"Malam, wace tsohuwa ce ke shan jarka shida a mako? Raƙuma ce? Aljanarsa dai."

"Wace chohuwa ce ke shan jarka shida?" aka maimaita daga bayan labule, da muryar Mukhtaru sak, har da giɓinsa. Zali ta faɗi tana dariya.

Issoufou ya sunkuyar da kai. Wannan bakin ne ya ci aurensu. Ranar da ya shigo ya tarar tana kwaikwayon mahaifiyarsa wajen cinikin albasa, maƙwabta suna riƙe ciki, ranar komai ya fara tsagewa.

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Sa'adiya da muryarta ta gaskiya, wadda barci bai ishe ta ba. "Ni dai Baban Zali ya kawo shaida ko kada ya kawo, na gaji. Bari in ɗora muku shayi."

Takalminta ya ja ƙasa har madafin da ke ƙarshen tsakar gida. Issoufou ya ji ƙarar murfin butar nan mai lanƙwasasshen baki. Shi ya sayo ta a shekarar aurensu, in ta tafasa kukanta kamar an taka wutsiyar mage.

"Khalas, ya isa," in ji Malam Tsoho. "A kira matar. In akwai ta, mako yana nan. In babu, yarinya ta bi 'yan Damagaram."

Issoufou ya danna lambar, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya ajiye wayar a kan darduma. Ta yi ta ƙara. Mukhtaru ya fara gyara hula. Zali ta matso ta riƙe gefen rigar ubanta.

Sai aka ɗauka da tari.

"Aiwa? Wa ke tashin tsofaffi?" in ji muryar, da Larabcin Makka tsantsa, na matan da suka tsufa a gindin Harami. Malam Tsoho ya gyara zama, ya yi bayani cikin ladabi.

Ta ce eh, yaronta ne. Ta faɗi abin da take ba shi, bai saɓa ba. Ta ce yana da amana amma yana da nawa, kuma a gaya masa jarkar jiya tana yoyo. Ta tambayi wanda ke ƙaryata shi, ta sa aka faɗi sunansa, ta yi masa addu'ar shiriya mai tsawo. Mukhtaru ya ce amin da bakinsa.

"Magana ta ƙare," in ji Malam Tsoho. "Mako-mako, kamar da. Ciyarwa gwargwadon abin da yake samu."

Issoufou ya yi hamdala. Ya ɗauki wayar, ya kara a kunne don ya yi wa tsohuwar godiya.

A daidai nan butar ta tafasa. Kukan magen ya taso daga madafin Sa'adiya ya shiga kunnensa na hagu, shi ɗin dai kuma ya fito daga cikin wayar ya shiga na dama.